Hutun da Ba a Ƙayyade Ba: Kwana Nawa Ya Dace Malami Ya Ɗauka?

'Yan'uwana malamai na reshen Bagudo,

A shekarar da aka fara ɗora mini nauyin shugabancin wata makarantar firamare a wannan yanki namu, na tara malamaina su bakwai a ƙarƙashin inuwar darbejiya, na ce musu: "Ni ba ɗan sanda ba ne. Duk wanda uzuri ya taso masa, ya faɗa mini da baki ya tafi, ba zan ƙirga wa kowa kwanaki ba." Suka yi ta sa mini albarka, ni kuma na koma ofis ina jin na yi abin kirki.

Da shekara ta ƙare, na zauna da rajistar zuwa aiki na yi lissafi. Malami guda ya yi fashin kwana 41. Wata malama kuwa kwana 2 kacal ta rasa, alhali a cikin shekarar nan mahaifiyarta ta rasu, ita kanta kuma ta yi fama da zazzaɓi har sau biyu tana tsaye gaban allo. Da na tambaye ta dalili, sai ta sunkuyar da kai ta ce: "Ranka ya daɗe, da ka ce mini kwana biyar ne haƙƙina, da na ɗauki biyar ɗin. Amma ka ce in ɗauki yadda nake so, ni kuwa ban san nawa ne zai zama abin kunya ba."

Ran nan na gane cewa sassaucin da na yi alfahari da shi bai amfani kowa ba sai mai ƙarfin hali. Mai kunya ta cutu, yara sun cutu, ni kuma na rasa bakin tsawata wa wanda ya wuce gona da iri, domin ban taɓa nuna masa inda gonar ta ƙare ba. Ra'ayina a wannan rubutu ke nan: hutun da ba a ƙayyade ba yana cutar da malami nagari, yana kuma ɓata na tsakiya. Ya kamata kowannenmu ya san adadin kwanakinsa, mafi yawa da mafi ƙaranci, kuma a rubuce.

Abin da na yi a ƙarƙashin darbejiya, ashe manyan kamfanonin duniya sun riga ni gwada shi. Tun farkon shekarun 2000 kamfanin Netflix na Amurka ya daina ƙirga wa ma'aikatan ofishinsa kwanakin hutu. A 2014 attajirin Ingila Richard Branson ya kwaikwayi tsarin a hedikwatar kamfaninsa na Virgin, da sharaɗin kada ma'aikaci ya tafi sai ya tabbata tafiyarsa ba za ta cutar da aikin ba, ba kuma za ta cutar da ci gabansa shi kansa ba. A watan Janairun 2023 kamfanin Microsoft ya bi sahu ga ma'aikatansa na Amurka. Wanda ya ji labarin daga nesa zai ce waɗannan mutane sun tsinci dami a kala.

To amma ga yadda ta kaya a wasu wuraren. Kamfanin Kickstarter ya janye tsarin a 2015, ya koma kwana 25 a shekara, saboda ma'aikata sun kasa gane yawan hutun da ya dace su ɗauka. Bankin Goldman Sachs, da ya buɗe wa manyan jami'ansa ƙofar hutu ba iyaka a 2022, sai ya haɗa da umarnin kowane ma'aikaci ya huta aƙalla kwana 15 a shekara. Dalilin a bayyane yake. Idan babu adadi, mutum yakan auna kansa da na kusa da shi, kowa yana gudun a ce shi ne ya fi kowa hutu, sai duk a taru a ƙi hutawa. Akwai kuma ribar da ba a cika faɗa ba: a wasu jihohin Amurka, kamar Kalifoniya, doka ta tilasta a biya ma'aikaci kuɗin kwanakin hutun da ya tara bai ci ba idan zai bar aiki. In babu adadi, babu abin da ya taru, babu kuma abin biya.

Wani zai ce me ya haɗa malamin Illo ko Zagga da bankin Amurka? Abin da ya haɗa mu shi ne, a makarantunmu na karkara da yawa muna zaune cikin irin wannan tsari, sai dai namu ba a rubuta shi ba. Sunansa izinin baki. Malami ya leƙa ofishin hedimasta, ko ya buga masa waya da asuba, ya ce wani abu ya taso. Hedimasta ya ce Allah ya kiyaye hanya. Ba a rubuta ba, ba a ƙirga ba, ba a tambayi wa zai riƙe ajin ba. Makarantar da ke can wajen Lolo ko bayan Ka'oje, inda mai duba makarantu ba ya iya zuwa kullum, musamman da damina idan hanya ta yanke, hutun malami a can ba shi da iyaka sai wadda zuciyarsa ta sa masa.

Ba na cikin masu ɗora laifin duka a kan malami, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Dalilan fashinmu na gaske ne, kuma ya kamata a faɗe su filla-filla. Babban hutu yana zuwa ne tsakiyar damina, amma kaka tana faɗowa cikin zangon farko, noman rani na shinkafa a fadamun Kogin Kwara kuma yana cin zango na biyu. Malamin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, gonarsa ce rufin asirinsa. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin babur da na mota sun ninka, wanda aka tura nesa da iyalinsa kuwa yakan tafi gida ranar Alhamis ya dawo Talata, don kada kuɗin hanya ya tafi a banza. Ga zuwa cire albashi, ga kiran tantancewa, ga taron bita. Sannan mu mutanen kan iyaka ne. Layin da Turawan Ingila da Faransa suka ja bai raba zumunci ba: da yawanmu muna da dangi a Segbana da Kandi da Malanbil cikin Jamhuriyar Benin, biki ko rasuwa a can namu ne, kuma tafiyar ba ta wuni ɗaya ba ce. Ko a lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, zumunci bai tsaya ba.

Duk wannan gaskiya ne. Amma ga wata gaskiyar da lissafi ke nunawa, kuma mu ne masu koyar da lissafi. Shekarar karatu zango uku ce, kowanne kamar mako 13. Mako 13 sau kwana 5, kwana 65 ke nan a zango, 195 a shekara, tun kafin a cire ranakun hutun gwamnati da na jarrabawa da na share-share a makon farko. Malamin da ke fashin kwana ɗaya tak a kowane mako, wanda a ransa yake ganin ai bai yi komai ba, ya ɗauke wa ajinsa kwana 39 a shekara, kusan mako 8. A shekara shida na firamare, kwana 234 ke nan, fiye da shekarar karatu guda cur. Yaron da ya faɗa hannun irin waɗannan malamai tun daga aji ɗaya, takardarsa za ta ce ya yi shekara shida, kansa kuwa bai cika biyar ba.

Ku tuna kuma irin yaran da ke gabanmu. Da yawansu suna zuwa aji ɗaya da Fulatanci ko Dandanci ko Zabarmanci ko Busanci a bakinsu, sai sun kama Hausa sannan su fuskanci Ingilishi. Irin wannan yaro, idan aka yanke masa darasi kwana uku, komawa baya yake yi. Uban da ya haƙura da taimakon ɗansa a gona ko a bakin kogi ya turo shi makaranta, in yaron ya dawo sau biyu sau uku yana cewa malam bai zo ba, ba zai sake turo shi ba, kuma ba mu da hujjar zarginsa. Muna yawan kuka da yaran da ba sa zuwa makaranta. Wasunsu ajin da babu malami ne ya kore su.

Ɗaya ɓangaren matsalar shi ne wanda ba a cika magana a kansa ba, wato malamin da ba ya hutawa sam. Kowace makaranta tana da shi. Shi ke buɗe ƙofa, shi ke rufewa, shi ke haɗa aji biyu ko uku idan abokan aikinsa sun yi fashi. Da hutu ya zo sai ya kama darasin ƙari, ko aikin maki, ko gona daga safe har yamma. Ba ya zuwa asibiti sai an ɗauke shi ranga-ranga. Muna yabonsa a taro, muna cewa ga malami na gaske, alhali muna kallo yana ƙonewa kamar kyandir. Jiki magayi. Tun da dokar 2022 ta ɗaga shekarun ritayar malamai zuwa shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki, tafiyar ta ƙara nisa, kuma wanda bai tanadi ƙarfinsa ba, da wuya ya kai ƙarshenta da lafiya. Malamin da ya gaji yakan yi saurin fushi, hannunsa yakan yi saurin kai wa ga bulala, darasinsa kuma yakan koma karanta allo kawai. Fashin mai fashi da gajiyar mai haƙuri abu ɗaya ne ya haife su, domin kwanakin da wancan ya ɗiba, a wuyan wannan suke sauka.

Abin mamaki shi ne ba rashin doka ke damunmu ba. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta ba ma'aikaci aƙalla kwana 6 na aiki a matsayin hutun shekara bayan ya cika wata 12, da kwana 12 na rashin lafiya da albashi idan likita ya tabbatar, da mako 12 na haihuwa. Ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya sun fi haka yalwa: kwana 30 ga mai matakin albashi na 7 zuwa sama, 21 ga na 4 zuwa 6, 14 ga na ƙasa da haka, aƙalla mako 16 na haihuwa, kwana 14 ga uban da aka yi wa haihuwa, sai hutun uzuri na 'yan kwanakin da ba su wuce mako guda ba a shekara. Jihohi suna da nasu ƙa'idojin, waɗanda galibi sawun na tarayya suke bi. Mu malamai, bisa al'adar aiki, hutun shekararmu yana faɗawa ne cikin hutun makaranta. Maƙwabtanmu na Benin ma adadi suke da shi: dokar ƙwadagonsu ta 1998 ta ba ma'aikaci kwana 2 na aiki a kan kowane wata, 24 ke nan a shekara. Faransa, wadda suka gaji tsarin aikinta, ta fara da mako 2 a 1936, ta kai mako 5 a 1982, kuma kowane ƙari da gwagwarmayar ma'aikata aka same shi. Ƙungiyoyin ƙwadago a ko'ina adadi suke nema, domin abin da aka ƙirga shi ake iya karewa a gaban hukuma. Izinin baki kuwa alfarma ce, kuma mai yin alfarma yana iya janye ta ranar da kuka saɓa.

Nan ne nake son 'yan'uwa su tsaya su yi tunani. Izinin baki yana da daɗi muddin kana shiri da hedimasta. Ranar da aka canza shi, ko aka zo tantancewa aka buɗe rajista, duk kwanakin nan da aka ce maka "jeka abinka" za su koma fashi ba izini. Idan takardar tuhuma ta fito, ƙungiya za ta tsaya maka, amma da me za ta tsaya? Babu takarda, babu sa hannu, babu shaida. Haka kuma tsarin yana buɗe ƙofar son kai: ɗan gari da ɗan gidan wane su tafi yadda suke so, baƙo da sabon ɗauka su kasa ko buɗe baki.

To, kwana nawa ya dace malami ya ɗauka? Ga shawarata, kuma ina maraba da wanda zai kawo wadda ta fi ta.

Na farko, a cikin zangon karatu, kwana 2 na uzuri sun isa, 6 ke nan a shekara. Wannan bai haɗa da rashin lafiya da haihuwa da rasuwar makusanci ba, domin waɗannan suna da nasu hukuncin. A makon farko na zango, kowa ya zauna da kalanda ya duba abin da ya riga ya sani: bikin ƙanwa, ranar yankan shinkafa, ganin likita. Ya zaɓi wanda ba makawa sai da shi, sauran ya tura su Asabar da Lahadi ko hutun tsakiyar zango, ko ya wakilta wani. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya san kwana biyu gare shi zai yi tattalinsu kamar kuɗin cefane.

Na biyu, kafin ka nemi izini, ka yi wa kanka tambaya uku. Shin wannan abu zai lalace idan ba ni ba? Wa zai tsaya a ajina, kuma wane aiki na bar masa? In da ɗana ne a ajin, zan yarda malaminsa ya tafi saboda irin wannan dalili? Idan ka amsa ukun nan ba tare da ka kau da kai ba, ka tafi da zuciya ɗaya, kada ka ji kunyar kowa.

Na uku, akwai mafi ƙaranci, kuma shi ma wajibi ne. A babban hutu, kowane malami ya ware aƙalla mako 2 da ba darasin ƙari, ba maki, ba taron bita. Wanda zazzaɓi ya kama ya je asibiti ya karɓo takarda ya kwanta, zuwa aji da jiri ba jarumta ba ce. Malamar da ta haihu ta cika kwanakinta cif, kada a buga mata waya a ce aji ya yi kewarta. Wanda aka yi wa rasuwa ya zauna karɓar gaisuwa kamar kowa. Ya ku hedimastoci, aikinku ne ku lura da wanda bai taɓa neman izini ba, ku kira shi ku ce masa ya tafi ya huta. Da na san haka a shekarata ta farko, da ban bar baiwar Allah nan ta dawo aji hawaye bai bushe mata ba.

Na huɗu, kowace makaranta ta buɗe littafin izini. Littafin rubutu na yara ma ya isa. A rubuta suna, da rana, da dalili a taƙaice, da wanda zai riƙe aji, da sa hannu. A ajiye shi inda kowane malami zai iya buɗewa, kuma sunan hedimasta ya shiga ciki kamar na kowa. Na san wasu za su ce wannan ɗaure kai ne. Ni kuwa ina ganin garkuwa ce. An taɓa gwada wani tsari a makarantun karkara na yankin Udaipur a Indiya, inda aka ba malamai kyamara suna ɗaukar hoto da ɗalibai safe da yamma, aka ɗaura albashinsu a kan yawan zuwansu. Fashi ya sauka daga kashi 42 cikin 100 zuwa 21. Tsarin ya yi aiki, amma wa yake son a kai shi ga haka? Idan ba mu ƙirga kanmu da alƙalaminmu ba, za a zo a ƙirga mu da na'ura, kuma ba za a tambaye mu sharuɗɗan ba.

Na biyar ya shafi ƙungiya da hukuma, domin ba adalci ba ne a ce malami ya tsuke kwanakinsa alhali ba a taɓa dalilan da ke fitar da shi ba. Ina roƙon shugabannin reshe su nemi ofishin Sakataren Ilimi da hukumar SUBEB su fitar da ƙa'idojin hutun malamai cikin Hausa a takarda guda, a liƙa a ofishin kowace makaranta. A nemi a riƙa sanya tantancewa da taron bita a lokacin hutu, ko a kawo su kusa, maimakon a kwashe malamai ana tsaka da zango. A duba tura ma'aurata da masu shayarwa kusa da gidajensu. A kuma ci gaba da bibiyar alawus ɗin aikin karkara da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ambata cikin alkawuran da ya yi wa malamai a ranar 5 ga Oktoba, 2020. Malamin da aka sauƙaƙa wa zama a Lafagu ko Tsamiya ba zai riƙa neman hanyar gudu kowace Alhamis ba.

Muna cikin wani lokaci da ba kowace jiha ta samu irinsa ba. Gwamnan Kebbi, Dakta Nasir Idris Kauran Gwandu, tsohon shugaban ƙungiyarmu ta NUT ne na ƙasa baki ɗaya, kuma a Oktoban 2024 jihar ta amince da naira 75,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi. Wannan ya sa idon jama'a yana kanmu fiye da da. Duk ranar da wakilanmu suka zauna neman ƙarin girma ko kuɗin hutu ko alawus, abin da za a fara jefo musu shi ne malamanku ba sa zuwa aji. Babu amsar da ta fi rajista mai tsabta da littafin izini mai sa hannu. Ƙungiyar da aka kafa tun 1931 ba ta tsira da roƙon alfarma ba. Da haƙƙi rubutacce ta tsira, da kuma mutuncin 'ya'yanta a idon iyayen yara.

A shekara ta biyu, na sake tara malamaina a ƙarƙashin darbejiyar nan, na janye maganata ta bara, na ajiye littafi a kan tebur. Babu wanda ya sa mini albarka a ranar, wani ma ya yi mako bai gaishe ni da sakin fuska ba. Amma da shekara ta ƙare, mai kwana 41 ya dawo 9, malamar nan kuma ta ci kwanakinta shida cif ba tare da ta sunkuyar da kai ba. Ina roƙon a sa wannan batu cikin ajandar taron reshe mai zuwa, kowa ya zo da adadin da yake ganin ya dace, mu yi muhawara, mu tsayar da ɗaya, mu rubuta shi.

Allah ya ba mu lafiya da ikon riƙe amanar 'ya'yan jama'a. Wassalam.